Thomas Bayes: Limamin Da Ya Koya Wa Masana Yadda Ake Gyara Zato

 A wannan fitowa za mu ƙetare teku zuwa Ingila, mu dubi rayuwar wani mutum da ya rasu fiye da shekara 260 da suka wuce. Ko a ajin lissafi ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa yau da wuya mai nazarin ƙididdiga ya gama karatu bai yi karo da shi ba. Sunansa Thomas Bayes, ana furta shi Beyiz.

Ni kaina ban san shi ba sai da wurin aikina suka tura ni kwas na nazarin alƙaluman zamantakewar jama'a, wato irin bayanan da ake tattarowa game da haihuwa da mutuwa, da shiga makaranta, da talauci, da aikin yi. Na tafi ina ganin na rabu da lissafi tun ranar da muka ajiye biro a jarrabawar fita, ashe yana can gaba yana jirana. Hausawa kan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To, abin da na koyo daga wannan mutum shi ne, tunda ɗan'adam ba ya rabuwa da zato, abin da ya kamace shi ya faɗi zatonsa a fili, ya auna nauyinsa, sa'an nan ya yarda shaida ta gyara shi.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Thomas Bayes wajen shekarar 1701. Kakanninsa mutanen Sheffield ne, garin da ya yi suna wajen ƙirar wuƙaƙe, kuma da wannan sana'a gidansu ya yi arziki. Mahaifinsa, Joshua Bayes, limamin Kirista ne, amma ba na Cocin Ingila ba, kuma wannan bambanci shi ya tsara yadda rayuwar ɗansa ta kasance.

Dalili kuwa shi ne, a shekarar 1662 majalisar Ingila ta kafa dokar da ta tilasta wa kowane limami bin littafin ibada na Cocin Ingila. Limamai wajen 2,000 suka ƙi, aka raba su da majami'unsu. A 1689 an sassauta, aka bar su su yi ibadarsu, amma duk da haka su da mabiyansu ba su da damar riƙe muƙamin gwamnati, ba kuma a ba su digiri a jami'o'in Oksfod da Kambirij. Joshua Bayes yana cikin rukunin farko na limaman wannan ɓangare da aka naɗa a bainar jama'a a Landan, a shekarar 1694.

Saboda haka da Thomas ya isa shiga jami'a, ƙofofin gida a rufe suke. Sai ya yi arewa zuwa Sikotland, inda wannan doka ba ta aiki, ya shiga Jami'ar Edinbara a 1719, ya karanta ilmin manɗiƙi da na addini. Wajen 1722 ya komo Landan, ya zama mataimakin mahaifinsa a majami'arsu da ke wani titi mai suna Leather Lane. Ya daɗe a ƙarƙashin mahaifin nasa kafin ya sami majami'ar kansa.

Zamansa a Tunbridge Wells

Wajen 1734 ya koma garin Tunbridge Wells, kamar mil 30 kudu maso gabas da Landan, ya zama limamin wata ƙaramar majami'a da ake kira Mount Sion. Garin yana da wata maɓuɓɓuga da aka ɗauka ruwanta magani ne, don haka in lokacin zafi ya zo sai manyan Landan su cika shi, ana shan ruwa da safe, da yamma ana raye-raye da cacar karta. A cikin wannan hayaniya Bayes ya yi zamansa shiru, yana wa'azi ran Lahadi, sauran kwanaki yana fama da lissafi.

Littattafai biyu kacal aka buga masa yana raye. Na farko, a 1731, kan addini ne, inda ya kafa hujja cewa babbar manufar Mahalicci game da halittunsa ita ce jin daɗinsu. Na biyu kuwa ya fito ne daga wata rigima. A 1734 wani bishop mai kaifin basira, George Berkeley, ya soki lissafin kalkulas na Isaac Newton, wanda ya riga ya rasu tun 1727. Ƙorafinsa shi ne, masu wannan lissafi suna aiki da wasu 'yan mitsi-mitsin adadi, in ta yi musu daɗi su ɗauke su a matsayin wani abu, in ta yi musu daɗi su ce ba komai ba ne. A 1736 Bayes ya fitar da ɗan littafi yana kāre Newton, yana warware hujjojin ɗaya bayan ɗaya, amma bai sa sunansa a bango ba.

Duk da haka masana sun san shi. A 1742 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, wadda ake kira Royal Society. Cikin waɗanda suka sa hannu don a karɓe shi har da Philip Stanhope, wani basarake mai son lissafi wanda gidan gadonsa ba shi da nisa da Tunbridge Wells, kuma wanda yakan aika wa Bayes rubuce-rubucen wasu don ya duba masa.

Akwai wata wasiƙa tasa da ke nuna irin tunaninsa. A 1755 wani masanin lissafi, Thomas Simpson, ya nuna cewa in aka auna abu sau da yawa aka ɗauki matsakaici, kuskure yana raguwa. Bayes ya rubuta wa abokinsa John Canton cewa wannan ba zai yi maganin kuskuren da ke jikin ma'aunin kansa ba. Wato in mudu ya lotse, ko sau dubu ka auna hatsi da shi, sai dai ka ƙara sakankancewa da ƙarya. Duk wanda ya taɓa fita ƙauye da takardar tambayoyi wadda aka tsara ta a karkace ya san gaskiyar wannan magana.

A 1752 ya ajiye limanci, amma ya ci gaba da zama a garin. Ya rasu ran 7 ga Afrilu, 1761, yana da shekara 59. Aka kai shi Landan aka binne shi a maƙabartar Bunhill Fields, inda ake binne waɗanda ba su bin Cocin Ingila. A ranar ba wanda ya san cewa babban aikinsa yana kwance cikin takardunsa.

Abokin da ya riƙe amana

A cikin wasiyyarsa Bayes ya bar fam 100 ga wani limami ɗan ƙasar Wales mai suna Richard Price, wanda ya girme wa da shekara ashirin da ɗoriya. Dangin mamacin suka roƙi Price ya duba takardun da aka bari. A ciki ya tsinci wani rubutu kan lissafin yiwuwar aukuwar abu. Bai jefar ba, bai kuma ce nasa ba ne. Sai ya zauna ya gyara shi, ya rubuta masa gabatarwa, ya ƙara misalai a ƙarshe, ya aika wa John Canton a watan Nuwamba, 1763. Ran 23 ga Disamba na wannan shekara aka karanta shi a gaban Royal Society, aka kuma buga shi a mujallar ƙungiyar da sunan Bayes. Ba don Price ba, da yau ba mu da wannan tarihi.

Mece ce tambayar da rubutun ya amsa? Kafin lokacin, masana irin su Jacob Bernoulli, wanda littafinsa ya fito a 1713, da Abraham de Moivre, wanda nasa ya fito a 1718, sun ƙware wajen lissafi daga sababi zuwa sakamako. In ka san buhu yana ɗauke da farin wake kashi 70 cikin ɗari, sauran ja, za su gaya maka yiwuwar ka zura hannu ka zaro ƙwaya goma bakwai su zama farare. Amma mai saye a kasuwa matsalarsa a juye take. Shi bai san abin da ke cikin buhun ba, abin da ya ɗebo a tafin hannunsa kawai ya gani, kuma daga nan yake son ya san buhun. Ruwa ba ya tsami banza, amma wane ne cikin dalilai ya tsamama shi, kuma da wane irin tabbaci za a faɗa? Wannan ita ce tambayar Bayes, kuma ita ce tambayar duk mai binciken al'umma da ya tambayi gida ɗari biyar yana son ya yi magana a kan jiha guda.

Bayes ya yi amfani da misalin tebur da ƙwallaye, bari in kwatanta shi a sauƙaƙe. A ce ka juya wa wani shimfiɗaɗɗen tebur baya. Abokinka ya gangara ƙwallo a kai, ta tsaya inda ta ga dama, bai gaya maka wurin ba. A wannan lokaci zatonka a baje yake, ko'ina daidai ne a wurinka. Sai ya gangara wata ƙwallon, ya ce maka ta tsaya hagu da ta farko. Nan take zatonka ya motsa, domin in ta farko tana can dama, ta bar fili mai yawa a hagunta. Lissafi ya nuna cewa yanzu rinjayen tana ɓangaren dama na teburin uku ne bisa ɗaya. In ya sake gangarawa ta sake tsayawa hagu, ya zama bakwai bisa ɗaya. In aka yi sau goma a jere duk hagu, ya kai 2,047 bisa ɗaya. Ba ka taɓa waiwayawa ka ga ƙwallon ba, ba kuma za ka taɓa kai wa ga tabbaci ɗari bisa ɗari ba, amma kowane labari yana ƙara matso da kai. Ka fara da zaton farko, shaida ta zo, ka sami gyararren zato, shi kuma ya zama zaton farko na gobe. Ƙa'idar ke nan gaba ɗayanta.

Inda abin ya shafe mu

Kada wani ya ce wannan wasan ƙwallo ne. Ga misali daga irin aikin da da yawa daga cikinmu muka sani, alƙaluman kuwa na misali ne kawai. A ce wata ma'aikata tana da suna 10,000 a takardar albashi, kuma binciken da aka yi a baya ya nuna biyu cikin ɗari na bogi ne, wato 200. Aka kawo wata hanyar tantancewa wadda ke kama 90 cikin kowane ɗari na bogi, amma takan yi kuskure ta kama biyar cikin kowane ɗari na ma'aikatan gaskiya. Da jin haka sai shugaba ya ce duk wanda aka kama a tsayar da albashinsa, ai abin yana da inganci kashi 90.

To, mu lissafa. Cikin na bogi 200 za a kama 180. Cikin na gaskiya 9,800 za a kama 490. Jimlar waɗanda aka kama 670 ke nan, kuma 180 ne kawai na bogi a cikinsu, wato kamar kashi 27 cikin ɗari. Kusan mutum uku cikin kowane huɗu da aka tsayar wa albashi ma'aikata ne na gaskiya, masu iyali da kuɗin haya da kuɗin makaranta a wuyansu. Kuskuren shugaban shi ne ya manta da zaton farko, wato cewa tun asali na bogin kaɗan ne. Ƙa'idar Bayes ba ta ce a bar tantancewa ba. Cewa ta yi wanda aka kama a kira shi a sake dubawa kafin a yanke hukunci. Haka abin yake ga gwajin cutar da ba ta yaɗu ba, haka ga zargin satar jarrabawa. Ranar da aka yi mana irin wannan lissafi a allo, jikina ya yi sanyi, don na tuna takardun da suka bi ta teburina.

Abin da ya biyo bayansa

Rubutun Bayes bai tayar da ƙura ba lokacin da ya fito. Wanda ya ɗaga wannan ilmi shi ne Pierre-Simon Laplace na Faransa, wanda a 1774, yana ɗan shekara 25, ya gano ƙa'idar da kansa, ya kuma faɗaɗa ta fiye da yadda Bayes ya bar ta. Shi ne ya shigar da ita cikin nazarin al'umma. Ya ɗauki rajistar haihuwa ta birnin Faris daga 1745 zuwa 1770, inda aka haifi maza 251,527 da mata 241,945, ya tambaya ko wannan rinjaye na maza dace ne kawai. Amsar da ya samu ita ce, yiwuwar a ce ba a fi haihuwar maza ba ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai an jera sifiri 41 bayan ɗigo kafin a kai ga lamba ta farko.

Daga baya sai iska ta juya. A farkon ƙarni na ashirin manyan masana ƙididdiga, musamman Ronald Fisher na Ingila da Jerzy Neyman ɗan Poland, suka juya wa hanyar baya. A littafinsa na 1925 Fisher ya ce an gina ta a kan kuskure, a watsar da ita ɗungurungum. Sukarsu kuwa tana da ƙarfi. Daga ina zaton farko yake fitowa? In jami'ai biyu suka fara da zato daban, ashe ba za su ƙare da amsa daban ba, kowa ya ce kimiyya ce ta ba shi? Masu bin Bayes suka amsa cewa kowane mai bincike yana da zato ko ya faɗa ko ya ɓoye, gara a rubuta shi inda kowa zai gani ya soka. Bugu da ƙari, in shaida ta yi yawa, zato biyu da suka fara nesa da juna sukan matso wuri ɗaya, in kuwa shaidar kaɗan ce, wajibi ne mai bincike ya gwada zato iri-iri ya nuna yadda amsar ke canzawa.

Duk da wannan suka, hanyar ba ta mutu ba. Harold Jeffreys na Kambirij ya kāre ta a littafinsa na 1939. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Alan Turing da abokan aikinsa sun yi amfani da ita a asirce wajen warware saƙonnin sirri na sojojin ruwan Jamus. A 1964 Frederick Mosteller da David Wallace suka warware wata tsohuwar gardama ta tarihin Amurka da ita. Cikin maƙaloli 85 da aka rubuta a 1787 da 1788 don goyon bayan tsarin mulkin ƙasar, akwai 12 da ake jayayya ko Alexander Hamilton ne ya rubuta su ko James Madison. Suka ƙirga yadda kowannensu ya saba amfani da ƙananan kalmomi, lissafi ya rinjaya ga Madison.

Babban abin da ya daɗe yana tauye hanyar shi ne wahalar lissafinta, domin in tambaya ta yi rassa da yawa, ba mai iya warware ta da biro da takarda. Daga 1990, bayan wata maƙala ta Alan Gelfand da Adrian Smith, aka rungumi dabarar sa kwamfuta ta yi ta zaro amsoshi dubbai, a duba inda suka fi taruwa. Manhajoji irin su BUGS, da Stan wadda ta fito a 2012, suka sa ɗalibi mai ƙaramar kwamfuta yana iya abin da ya gagari manyan farfesoshi a da. Da taimakon wannan ƙa'ida aka gano tarkacen jirgin Air France da ya faɗa Tekun Atlantika a 2009, bayan kusan shekara biyu ana nema, a watan Afrilu na 2011. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta koma ga hanyar Bayes wajen hasashen yawan jama'ar ƙasashe da kuma ƙiyasta mutuwar ƙananan yara. Mu a Nijeriya, da muka yi ƙidaya a 2006 aka kuma ɗage wadda aka shirya a 2023, abin ya shafe mu kai tsaye. Masana sun haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da ƙidayar wasu zaɓaɓɓun unguwanni, suka ƙiyasta yawan jama'a wuri-wuri ta wannan hanya, suna faɗin adadi tare da faɗin iyakar tabbacinsu.

Kammalawa

Mutumin da ya jawo duk wannan bai ga ko ɗaya ba. Hoton da ake yawan bugawa da sunansa ma ya fara fitowa ne a wani littafin tarihin inshora na 1936, kuma masana tarihi suna shakkar shi ne, domin tufafin ba su yi kama da na zamaninsa ba. A 1969 masana ƙididdiga daga ƙasashe daban-daban suka yi karo-karo aka gyara kabarinsa. A 2021 wata makarantar koyon kasuwanci ta Landan da ke kusa da maƙabartar ta ɗauki sunansa. Richard Price, wanda ya rasu a 1791, shi ma a wannan maƙabarta yake kwance.

Ga 'yan'uwana da ke riƙe da ofisoshi da asibitoci da azuzuwa da kotuna, kullum muna yanke hukunci a kan mutane da shaidar da ba ta cika ba. Kafin mu sa hannu, mu tambayi kanmu abu uku: me na zata tun farko, kuma don me, wannan shaida za ta iya bayyana ko da zatona ba daidai ba ne, kuma wace shaida ce in ta zo zan canza ra'ayi? Ga ƙannenmu da ke gudun ajin lissafi kamar yadda wasunmu suka yi, duk abin da na lissafa a sama bai wuce tarawa da ninkawa da rabawa ba. Ga malamanmu na lissafi kuwa, waɗanda suka yi ta fama da mu muna hamma a darasin yiwuwa na ɗan ludo da kwabo, ga shi shukar ta tsiro ko da a makare.